Habbanayen da Aka Maido da Ciki

Sallau dillalin shanu yana da wata 'yar ɗabi'a da mutanen Dakoro suka daɗe suna yi masa dariya a kanta. In ɗalibi ya sauko daga motar Maraɗi da jaka a kafaɗa, kowa tambayarsa ɗaya ce: yaushe za a gama, yaushe za a kama aiki. Sallau bai taɓa yin wannan tambaya ba. Sai ya riƙe hannun yaro ya ƙi saki, ya dube shi irin duban da yake wa bijimin da mai shi ya rantse lafiyarsa lau, sa'an nan ya ce, "Can jami'a, da wa kake cin abinci?"

Yara sukan yi dariya. Wani ya ce da abokai, ya jero sunaye, sai Sallau ya sake shi. Wani ya ce, "Baba, ai can kowa da kwanonsa." Wannan ba ya samun hannunsa da wuri. Sai Sallau ya ja shi rumfarsa, ya sa a damo fura, su zauna suna kallon kasuwa kamar ba wata magana.

Sallau haifaffen Ɗan Gulbi ne, Bagobiri, da zanensa a fuska. Shekarar da fari ya cinye 'yan dabbobin ubansa ya shigo Dakoro yana saurayi, ya fara da riƙe wa dillalai igiya. A hankali Fulani da Buzaye suka gane cewa in ya ce saniya tana da tari, to tana da tari, ko ta wa ce. Suka riƙa sauka a gidansa ranar kasuwa, suna ɗaure dabbobinsu a turakunsa. Dillali da baki aka san shi, amma shi Sallau yakan gama ciniki da kalmomin da wani zai ƙarar wajen gaisuwa.

Da matarsa A'ishatu, wadda yake kira Indo, sun haifi 'ya'ya mata da namiji guda, Zakiru, shi ne kuma na fari. Sallau bai taɓa kiran sunansa ba. Haka ya tarar ana yi: ɗan fari ba a ambaton sunansa, ba a sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi, ba a sakar masa fuska a gaban mutane. In yana da magana da yaron, sai ya faɗe ta yana duban bango, yaron yana ji. Da Zakiru ya ci bak, jarabawar gama sakandare, ya tafi jami'a a Yamai, gari ya yi ta zuwa barka, Sallau yana cewa, "Yaron wajenku ne."

Wani hutu Zakiru ya zo gida. Ya ba ɗan maƙwabta kekensa. Ya raba littattafansa ga 'yan lise, wato 'yan sakandare. Ya bi gida-gida yana durƙusawa yana cewa a yafe masa. Tsofaffi suka ce ɗan Sallau akwai ladabi, boko bai ɓata shi ba. Sallau ya ji, ya ji daɗi, ya haɗiye. Ranar komawa yaron ya tsuguna a bakin zaure, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Sallau yana tufkar igiya. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," idonsa a kan igiyar.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo. Aka ce zazzaɓi ne. Sallau ya je Yamai ya dawo. Bai ce zazzaɓi ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Abin da kawai ya taɓa fita daga bakinsa, shi ma ga A'ishatu, shi ne abokan ɗakin yaron sun gaya masa ya daɗe da daina zama cin abinci tare da su, su kuwa sun ɗauka karatu ne ya yi masa yawa. Daga wannan shekarar ne ɗalibai suka fara rasa hannuwansu a tasha.

Cikin baƙin gidansa akwai Samba, Bafillace daga wajen Korahane, wanda ya fara sauka wurinsa tun suna da baƙin gemu. Ɗan farin Samba, Yazidu, shi ne na farko a rugarsu da ya ci bak. Da za shi jami'a a Maraɗi, Sallau ya ba shi karsana habbanaye. Kowa a ƙasar ya san dokarta: ka ba mutum saniya don zumunci, ta zauna a hannunsa har ta haihu sau uku, 'ya'yan nasa ne, sa'an nan a maido maka uwar da godiya. Ba a neman ta kafin lokaci, ba a kuma maido ta kafin lokaci, sai in zumuncin ne ya mutu.

Shekaru suka shuɗe, da yajin aikin malamai, da na ɗalibai, da shekarar karatu mai cin shekara biyu. Saniyar ta haihu sau biyu. Aka sayar da maraƙin farko don karatun Yazidu, tare da wasu bijimai na Samba. A hutun da ya gabata Yazidu bai biyo ta rumfar Sallau ba. Aka ce ya sauka a hanya ya wuce ruga.

Sai wata ranar kasuwa, farkon damina, lokacin da garkuna suka riga suka hau arewa, Sallau yana zaune da abokin dillancinsa Sharfaddeen, ya hango Yazidu yana tafe a ƙasa, yana jan saniyar. Cikinta ya yi ƙasa, tana taku da ƙyar. A bayanta ga maraƙinta na biyu. Yaron ya rame, amma ya sa riga mai tsabta, fuskarsa kuma a kwance take, irin kwanciyar wanda ya gama shawara.

Ya durƙusa ya gaishe su. Ya ce, "Baba, na maido maka saniyarka. Na gode. Ga maraƙin ma, ka haɗa. In na taɓa yi maka wani laifi, ka yafe mini."

Sharfaddeen ya buga cinya. "Kai, Sallau, arziki ya biyo ka har rumfa! Ka ba da ɗaya, an maido maka biyu da rabi. Ni duk wanda na ba akuya, ko igiyar ba ni ƙara gani."

Sallau bai yi dariya ba.

"Ba ka ji labari ba?" in ji Sharfaddeen. "Maroko za shi, ƙarin karatu. Ruga-ruga ya bi yana sallama. Dubi jakar tasa, cuku ne fal da kilishi, mata duk sun ba shi guzuri."

"Shi ya hwaɗi haka?"

"To mi zai sa mutum ya bi gida-gida yana neman gahwara in ba tahiya ba? Haka yaron nan na Adjekoria ya yi bara da za shi Maroko. Ko ba haka ba, Dakta?"

Yazidu ya yi murmushi, bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Sallau ya dubi rigar mai tsabta, ya dubi igiyar da ake miƙo masa. Sai ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya, abin da 'yan kasuwar shanu ba su taɓa ji ba.

"Ni za ka kunyata a tsakar kasuwa? Habbanaye da ciki? A tahi ana cewa Sallau ya ƙwace saniya tun ba ta sauka ba? Ubanka ya san da wanga aiki?"

"Yana arewa da shanu, Baba."

"To ba ni amsa. Kai ka jawo ta tun daga Korahane da wanga ciki, kai za ka yi jinyarta a gidana har ta haihu. Wuce mu tahi."

Sharfaddeen ya ce, "Haba, Sallau, yaro da jirgi na jiransa?"

"Jirgin ya jira."

Ya bar cinikin ranar a hannun Sharfaddeen, ya sa Yazidu a gaba, shi a baya, kamar mai tsoron kada dabba ta ɓalle.

A gida suka ɗaure saniyar, suka ba ta ruwa da dusa. A'ishatu ta leƙo ta ga baƙo, ta ga fuskar mijinta, ta koma ciki. Da aka kawo tuwo Sallau ya jawo ƙwaryar tsakaninsu ya ce su sa hannu. Yazidu ya yi loma biyu ya janye.

Bayan la'asar suna zaune a gindin bedi kusa da turke. Sallau ya daɗe yana kallon saniyar tana tuƙa. Mutum ne da duk rayuwarsa yake kewaya magana, in ya ga aibi a dabba ma sai ya ce wa mai ita, "Ka ƙara dubawa." Amma ranar bai kewaya ba. Ya juyo ya dubi yaron cikin ido.

"Yazidu, ba Maroko za ka ba."

Yazidu ya kau da ido zuwa turke.

"Zan tambaye ka, ka ba ni gaskiya. Ka yi niyyar kashe kanka ne?"

Kalmar ta faɗo tsakaninsu. Yazidu ya buɗe baki kamar zai yi dariya, dariyar ba ta zo ba. Ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka fara rawa.

Da ya samu murya ya ce, "Na san haramun ne, Baba. Kada ka yi mini wa'azi. Na yi wa kaina har na gaji."

"Ban ɗauko wa'azi ba. Hwaɗa mini."

Maganar ta fito guntu-guntu. Ya faɗi jarabawa a aji ɗaya sau biyu, aka cire sunansa. Shekara guda ke nan. Bai gaya wa kowa ba. Ya zauna a Maraɗi a ɗakin wani aboki, da safe ya ɗauki jaka ya fita kamar mai zuwa aji, ya je ya zauna a inda ba a san shi ba. Barci ya ƙaurace masa. Ya daina zuwa wurin cin abinci don kada a tambaye shi. Duk sa'ad da ubansa ya kira daga daji, sai ya ji bijiman da aka sayar suna tafiya a kan ƙirjinsa.

"A ruga ba mai kirana Yazidu, sai Dakta. Mi zan ce musu? Gara a ce na tahi."

Sallau bai ce masa ya yi haƙuri ba. Bai ce kowa da jarabawarsa ba. Ya miƙa hannu ya riƙe wuyan hannun yaron, ya ce, "Na ji." Can ya ƙara cewa, "Yau a nan za ka kwana. Gobe ma."

Kafin magariba A'ishatu ta share zaure ta shimfiɗa tabarma biyu. Ta kuma kwashe daga zauren da rumbu duk abin da mutum zai iya yi wa kansa lahani da shi, ta kai ɗakinta ta rufe. Ba wanda ya ce mata ta yi. Tun daga ranar Sallau ya bar ɗakinsa ya koma zaure da kwana, tabarmarsa a bakin ƙofa.

Zuwa likita ne ya zama rigima. Yazidu ya ce, "In aka gan ni can za a ce ɗan Samba ya haukace."

"Wa ya ce don kai za mu? Ni ke da tansiyo. Ka raka tsoho, ko shi ma kunya ne?"

Ba ƙarya ya yi ba, hawan jini ya daɗe yana damunsa. Majon da ke duba shi, wato babban ma'aikacin jinya, Hamid, Bazabarme ne, abokin wasan Gobirawa, kuma an taɓa tura shi horo a kan ciwon damuwa. Yana ganin Sallau ya ɗaga hannu.

"A'a, Bagobiri! Har yanzu kana nan? Na ɗauka an daɗe da yin sadakarka."

"In mutu in bar ku ku cinye muna zogalen ƙasa? Ina nan."

"Zauna in gani. Wai ni wace kaza ce ta yi maka tsiya a fuska haka?"

Da ya gama awo ya ɓata rai, ya ce jinin ya hau, a rage gishiri, a rage kilishi. Sallau ya ce ya ji. Sa'an nan ya rage murya ya ce, "Ga ɗana nan. Yana da magana. Ni zan fita."

Ya zauna a benci a waje cikin mata masu goyo, yana duban ƙofar. Ta daɗe a rufe. Da majo ya fito, babu wasa a fuskarsa. Ya ce, "Ka kyauta da ka tambaye shi kai tsaye. Mutane na tsoron tambayar, su ce za ta sa wa mutum tunani. Ba ta sawa. Kada a bar shi shi kaɗai kwanakin nan. Akwai likitan wannan ciwo a Maraɗi, zan kira shi, ku je tare. Bayan haka ya riƙa zuwa wurina."

Suka je Maraɗi. Da mota ta bi ta kusa da jami'a, Yazidu ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, bai ɗago ba sai da suka wuce. Suka dawo da magani. A'ishatu ta karɓa ta ajiye a wurinta, ita ke ba shi da hannunta, ta kuma haɗa masa da rubutun da ta karɓo wurin liman. Sallau ya ce duka biyun a sha.

Sauƙin bai zo a jere ba. Wata rana Yazidu ya ci abinci, ya yi wa saniya ciyawa, har ya yi wa jikokin gidan lissafi a ƙasa. Wata rana ya kwanta ya juya wa duniya baya, ko gaisuwa ba ya amsawa. Sallau ya rage zuwa kasuwa. Baƙinsa suka fara sauka wurin wasu. Sharfaddeen ya ce, "Kai dai wannan saniya ta fi amarya gata."

A hutun nan ɗaliban jami'a 'yan asalin Dakoro suna koyar da ƙannensu a wata lakwal, wato makarantar boko, kamar yadda suka saba kowace shekara. Shugabarsu, Kadija, tana cikin waɗanda Sallau ya sha riƙe wa hanya da tambayarsa. Ya je ya same ta a inuwar aji. Bai ambaci sunan kowa ba.

"Ɗiyata, in ɗayanku ya ɓace a can, wa ke sani?"

"Ɓacewa kamar yaya, Baba?"

"Yana gari, amma ba ya cikinku."

Ta juya alli a hannu. Ta ce, "In aka cire sunan mutum, kunya ke sa ya ɓuya. Mu kuma kunya ke hana mu nemansa, kada ya ga kamar mun zo kallo. Sai kowa ya ce ai yana wurin wane."

"To wanen yana cewa yana wurinku."

Ta koma aji. Amma ranar rufe karatun hutu ta gayyato majo ya yi musu magana. Wasu suka fice tun bai yi nisa ba, suna cewa wannan ciwon Turawa ne. Wasu suka zauna. Wata yarinya ta yi tambaya a kan wata ƙawarta, kowa ya yi kamar ya yarda ƙawar ce. Sallau yana can baya a kan benci na yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Kadija ta ce in sun koma za su raba kansu, kowa ya san wanda zai riƙa leƙawa, har waɗanda aka cire. Ko sun yi, ko ba su yi ba, Sallau bai samu ganin ƙarshensa ba.

Wata ranar kasuwa ya ɗauki Yazidu suka fita tare, don majo ya ce zaman ɗaka ba ya yi masa kyau. Sallau yana tsakiyar ciniki, ya waiga bai gan shi ba. Ya saki hannun mai saye ya tafi. Ya duba tasha. Ya duba masallaci. Ya bi bakin tabki da sauri irin wanda bai kamaci mai shekarunsa ba, yana kiran sunan da ƙarfi, mata masu wanki suna kallonsa. A bayan gari ya same shi, zaune a kan kunya cikin gero, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ba abin da na yi, Baba. Wallahi ba abin da na yi."

Sallau ya zube kusa da shi yana haki. Sai da numfashinsa ya dawo ya ce, "Mi ya hwaru?"

"Mutanen rugarmu na gani. Suna tambaya yaushe jirgi zai tashi. Sun ce Baba ya aiko daga arewa, ya ware rago na musamman."

Suka zauna, iska tana kaɗa ganyen gero. Sallau ya gane cewa magani yana aikinsa, majo yana nasa, amma akwai ƙaya guda da ba wanda ya taɓa. Samba bai taɓa kiran sunan Yazidu ba. Bai taɓa zama da shi su biyu ba. In suna da magana, sai ta bi ta bakin wani. Sallau ya san wannan hanyar, ya san kuma inda ta taɓa kai shi.

Ya ce, "In shanu suka sauko bayan girbi, ni zan gaya masa. Da bakina. Kai dai ka zauna a bayana."

"Zai tsine mini."

"Na san Samba tun ba a haife ka ba. Zai yi shiru, zai tashi ya shiga daji, zai dawo. In ma zagi ne, ni zai fara zagi, ni na ɓoye ka. Amma kai ma ka yi mini alkawari: in tunanin nan ya taso, ka tashe ni, ko ka je wurin majo. Kada ka zauna da shi kai kaɗai."

Yazidu ya ce ya yi.

Saniyar ta haihu ana tsakiyar damina, ta samu 'yar maraƙa ja. Yazidu ne ya karɓi haihuwar, hannunsa bai manta aikin ruga ba. Da ya wanke hannu ya ce, "To, Baba, ta sauka. Na uku ke nan."

"Sai an yaye."

"Baba."

Sallau ya yi ɗan murmushi. "To, na ji. Ba saniya ta riƙe ka ba, ni ne. Yanzu ba ni da igiya. Roƙonka nike, ka zauna."

Yazidu ya zauna.

Da gero ya fara nuna, Sallau ya shiga shirin maganar kamar mai shirin tafiya. Ya ƙi yin ta a waya, ya ce irin wannan ba a faɗa wa mutum yana tsaye a kan tudu yana neman layi. Ya dai aika wa Samba cewa in ya sauko ya fara biyowa ta Dakoro, akwai zance. Da rana in Yazidu ya tafi wurin majo, sai Sallau ya zauna a ƙofar ɗakin A'ishatu yana gwadawa.

"Indo, in na ce masa, bijimai sun tahi amma yaro yana nan?"

"Zai ce kana yi masa ciniki."

"In na fara da namu fa?"

A'ishatu ta dakata da tankaɗe. Shekara da shekaru ba su taɓa maganar ba. Ta ce, "In za ka fara da shi, ka kira sunansa."

Sallau ya dubi bakin zaure. Sa'an nan ya ce, "Zakiru." Ya faɗe shi a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da bai saba ci ba. A'ishatu ta ci gaba da tankaɗe, tana share ido da gefen zane.

Ana cikin girbi Sallau ya faɗi a kasuwa, a gaban rumfarsa. Aka kai shi gidan likita. Bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Yazidu yana gefen gado. Sallau yana ta motsa hannun da ya rage masa, yana nuna arewa, yana nuna yaron, yana nuna ƙirjinsa. Majo ya sunkuya ya ce, "Na gane, Bagobiri. Kwanta." Sallau bai kai ga wata kasuwar ba.

A wurin jana'iza majo bai bar gefen Yazidu ba. Bayan an watse ya ce masa, "Ranakunka na zuwa wurina suna nan yadda suke. In ba ka zo ba, ni zan zo." A'ishatu ta shiga takaba, amma ta aiko a gaya masa tabarmarsa tana nan a zaure, kuma maganinsa yana hannunta.

Garkuna suka sauko. Samba ya iso da hantsi, da sandarsa a kafaɗa, yana jan farin rago. Ya ɗaure shi a turke, ya shiga zaure ya zauna inda ya saba zama. Yazidu ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi. Samba ya amsa yana duban ƙofa.

Ya yi wa A'ishatu ta'aziyya ta bayan zana. Ya daɗe yana yi wa mamacin addu'a. Da ya shafa, ya ce, "Ragon can na yaron nan ne, na guzuri. Na ji an ce har yanzu bai tahi ba." Ya gyara zama. "Marigayi ya aiko mini yana da zance. Na yi sauri, Allah bai nufa ba. Ko ya bar miki shi?"

Can A'ishatu ta ce, "Ya so ya hwaɗa maka da bakinsa, Malam Samba. Ya daɗe yana shirya yadda zai fara. Mai zancen dai ga shi nan kusa da kai."

Samba bai waiga ba. Ya ɗauki sandarsa ya ɗora a cinya, yana shafa ta da babban yatsa. Yazidu yana tsugune a bayansa, daidai inda aka ce masa zai zauna, sai dai babu kowa a tsakaninsu. Ya buɗe baki, ya rufe. A waje ragon yana jan igiya yana kuka.

Samba ya ce wa ƙofa, yaron yana ji, "Ina nan har kasuwa ta ci."